Rudun Albasa a Rufin Inna Marta

Na sauka ƙasar Holan da babbar riga da hula da takalmi sau-ciki, ina riƙe da jaka ɗaya da takardar da ta ce zan yi wata tara ina koyon adana amfanin gona. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, ana ta neman waɗanda za a tura ƙaro ilimi. Ni malamin gona ne a Maiyama, amma asalina Jiga Makera, kusa da Aliero, inda yaro kan san warin ruɓaɓɓiyar albasa tun yana goye. Da aka ji har da ajiyar albasa cikin karatun, sai aka ce a tura Umaru. Ni kuwa har da ɗaga kafaɗa. A raina na ce, me Bature zai gaya wa ɗan Jiga a kan albasa?

Zangona na farko tashar jirgin ƙasa ce ta birnin da makarantar take. Ina tsaye ina raba ido sai wani baƙar fata ya yi mini sallama, sallama cikakkiya har da wabarakatuhu. Wallahi sai na ji kamar ɗan'uwana na gani. Ya ce ɗakunan makaranta sun cika, kuma gaskiya ya faɗa, amma shi yana da ɗaki. Ya karɓi kuɗin haya, ya ba ni mabuɗi, ya rubuta mini lambar gida. Na sha tafiya cikin yayyafi har na gano gidan. Mabuɗi ya ƙi shiga. Ina kokawa da ƙofa sai wani Bature ya leƙo da karensa, ya ce shi bai taɓa ba da haya ba, kuma ba ni ne na farko da ya zo masa da irin wannan mabuɗi ba.

Na tsaya bakin titi riga ta jiƙe sharkaf. Ɗarin da muke kuka da shi a gida, wanda ke sa tsofaffi kwana gaban wuta, ashe wasan yara ne. Wannan har cikin haƙori yake shiga. Na tsine wa mai sallamar nan iyakar iyawata, sannan na ci gaba da tafiya don tsayuwa ta fi ciwo.

Buhun albasa ne ya cece ni. Na hango shi a ƙofar wani shago, na shiga, ba don in saya ba, don kawai in shaƙi warin gida. Mai shagon wani dattijon Baturke ne, ana ce masa Hajji Mustafa. Ya dube ni sama da ƙasa, bai tambaye ni komai ba, ya zaunar da ni ya miƙo shayi mai zafi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Ya ciro wata tsohuwar kwat ya yafa mini. Kwana huɗu na yi a wani ɗaki bayan masallacinsu. A rana ta biyar ya ce akwai wata tsohuwa mai sayen burodi wurinsa, tana da ɗaki a sama babu kowa ciki. Shi da kansa ya ɗaukar mini jaka har ƙofarta.

Sunanta Marta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi fat, gwiwoyi sun tsufa amma ido kamar na shaho. Na kasa kiran sa'ar kakata da sunanta tsirara, sai na ce mata a garinmu Inna muke ce wa uwa. Ta maimaita kalmar sau biyu, ta yi murmushi, ta ce ta karɓa. Gidan nata siriri ne dogo, hawa uku, ita a ƙasa, ni a can ƙololuwa. Saboda gwiwa, ta shekara ba ta taka benen sama ba.

Tun ban ajiye jaka ba ta karanto mini dokoki. In na shiga ɗaki in rufe ƙofa. In na fita in kashe fitila. Taga a buɗe ta ɗan lokaci da safe, sannan a mayar. Daga nan ta kai ni ƙarƙashin matakala ta nuna mini mitar gas, wadda ke lissafa iskar da ake ƙonawa a ɗumama gida.

"Umaru, ka ga wannan? Rayuwata a nan take bana," in ji ta.

Ta yi mini bayani da Turancinta mai sanyi. Hukumar birninsu ta fito da wani tsari: duk gidan da ya gyara tagoginsa da rufinsa yadda ɗumi ba zai tsere ba, in lokacin sanyi ya wuce aka duba mita aka ga ya rage shan gas, za a mayar masa da kaso mai tsoka na abin da ya kashe. Ita kuwa ɗan abin da mijinta ya mutu ya bari ta zuba duka a gyaran. Ɗanta Karel, wanda ke aiki a wani gari, ya daɗe yana cewa gidan ya fi ƙarfinta, a sayar a kai ta gidan tsofaffi. Sun yi alkawari: in gida ya ci jarrabawar hukuma ta zauna, in ya faɗi ta tafi.

Na ce mata to, to. Irin "to" ɗin nan da muke ce wa manya alhali hankali na wani wuri. Ni gado nake hange.

Gaskiya birnin nan ya burge ni, kuma har gobe yana burge ni. Manyan malamanmu da gemunsu a kan keke suke zuwa aiki. Shara ma gida-gida gare ta: kwalba wurinta daban, takarda daban, ɓawon dankali da ragowar abinci a kwashe a yi taki. Fitilar matakalar makarantarmu in ka wuce ita ke kashe kanta. Ma'aikatan hukuma kan tara mutanen unguwa su koya musu yadda za su rage ƙona wuta, su kuma raba musu abin liƙe bakin taga kyauta. Na tuna ofishinmu na Maiyama, inda in an kawo wuta sai mu kunna fanka mu kulle ƙofa mu tafi gona, ta yi ta fifita kujeru har gobe. Waɗannan mutane sun fi mu abin hannu nesa ba kusa ba, amma sun fi mu tattali. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai dai ciki ba ya cin sha'awa. Abincin Inna dankali ne da ganye, ba yaji ba manja, kamar na majinyaci. Kewar gida ta kama ni, har ina mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Wata rana na tarar an kawo wa Hajji Mustafa jar albasa mai kyau, irin wadda in ka yanka sai ka yi hawaye. Mutanen can ƙwaya uku suke saye a 'yar leda. Haba! Mutumin ƙasar Aliero ya sayi albasa ƙwaya uku? Ai sai a yi da ni a kasuwar Jega. Buhu guda na saɓo, na tura ƙarƙashin gado.

Ba a yi mako biyu ba ta fara gumi, wasu har sun ɗan tsiro, saboda ɗumin ɗaki. Nan take na ji muryar Baba a kunnena: "Albasa rai gare ta, Umaru. In ka toshe mata iska, ta toshe maka arziki." A gida rudu muke yi mata, wato mu kafa 'yan sanduna mu shimfiɗa kara a kai, a ɗaga ta daga ƙasa, a rufa mata ciyawa, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Sai na shiga neman inda zan yi rudu a gidan Inna.

A silin, daidai ƙofar ɗakina, akwai wani murfi na katako. Na sa tsani na tura shi. Ashe wani ɗaki ne a ƙarƙashin rufi, duhu, bushe, sanyi ƙalau. Na ce Allahu akbar, wannan ai don albasa aka gina shi. An shimfiɗe ƙasansa da wani abu rawaya mai kauri kamar auduga. Na naɗe shi gefe don kada ya tare iska. Na haɗa wasu tsofaffin katakan gado da sandunan lambu na yi rudu tsaf. Na buɗe 'yar tagar da ke jikin rufin, sannan na tokare murfin silin da icce, yadda iska za ta taso daga cikin gida ta ratsa albasa ta fice ta sama. Na jiƙa bayan hannuna na kara, yadda Baba ke yi, na ji iska na wucewa siririya ba tsayawa. Na yaba wa kaina ƙwarai.

Daga ranar gida ya ƙi ɗumi. Duk ranar Lahadi da safe Inna kan sa tabarau ta leƙa mita, ta fito fuska a murtuke. Ta rage ƙarfin na'urar ɗumama gida, ta sake ragewa. Ta koma yawo cikin ɗaki da kwat ɗin marigayi mijinta. Tari ya kama ta, irin mai fitowa daga ƙirji. Ta ce ko dai masu gyaran nan sun cuce ta. Ni kuwa da na riga na sha hannun macuci, sai na taya ta. "Allah ya isa miki, Inna! Ɓarayi ne kawai!" Haka nake faɗi da ƙarfina, in gama in hau sama in juya albasata.

Wata Asabar Karel ya zo cin abincin rana. Dogon mutum ne mai magana a hankali. Ya ji tarin uwarsa, ya ga kwat a jikinta, ya leƙa mita. Sai ya ciro wata takarda mai hotunan gidan tsofaffi ya ajiye kusa da farantinta. Da harshensu suke magana, amma ba sai an fassara mini ba. Can sai ta juya ta yi Turanci, kamar tana neman shaida.

"A gidan nan na haife shi. A ɗakin can ubansa ya cika. Yanzu a ce in je in mutu a gadon da ban sani ba?"

Raina ya ɓaci. A wurinmu ko rumbu ba a tayarwa daga inda tsoho ya kafa shi sai da izininsa, balle tsohon kansa. Na harari Karel, a zuci na ce lalle albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ban san cewa shi tausayin uwarsa yake ji ba, ni ne ɓeran da ke cikin rumbun.

Inna ta kai kuka hukumar birni, aka turo mata wata ma'aikaciya mai suna Liza. Ni dai duba-gari na sa mata. Ta zo kan keke da 'yar jaka, ta ciro wani tsinke mai hayaƙi kamar turaren tsinke, ta kunna. Duk inda hayaƙi ya karkata sai ta bi. Na bi bayanta ina ba da shawara, har ina nuna mata tagogin da nake zargi. Daga falo hayaƙi ya nufi matakala. Muka hau bene na biyu, bai tsaya ba. Da muka doshi na uku sai na ga ya miƙe sak yana gudu sama, wajen murfin silin. A nan ne duk bayanin da Inna ta yi mini ranar farko ya dawo mini daki-daki.

Liza ta dubi iccen da ke tokare da murfi, ta dube ni, ta hau tsani. Ta duba ciki. Sannan ta leƙo.

"Wannan aikin wa?"

"Nawa ne," na ce, murya kamar ta wanda aka kama a gonar suruki.

Muka sauko na tsuguna gaban Inna na faɗi komai. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta cire tabarau ta riƙe, ta daɗe tana kallon taga.

"Me ya hana ka tambaye ni, Umaru?"

In ce mata girman kai? In ce na ɗauka babu abin da za a koya wa ɗan Jiga a kan iska? Kunya ta rufe ni, har na gwammace ƙasa ta tsage.

Liza ta ce doka doka ce, ba ta iya mayar da mita baya, kuma rabin sanyi ya riga ya wuce. Amma sai ƙarshensa ake yanke hukunci. In gidan ya yi tattali na gaske a sauran makonnin, akwai ɗan fata. Sannan ta juyo kaina.

"Na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa ganin wanda ya zuƙe ɗumin gida da gwaninta irin taka ba. Ta yaya ka san inda iska za ta bi?"

Na tsoma hannu a ruwa na kara bayansa a gindin ƙofar falo. Na ce mata ga iska nan tana shigowa. Ta kai tsinkenta, hayaƙi ya karkata daidai wurin. Ta yi dariya.

"To, hannun da ya san yadda ake buɗe wa iska hanya, ya san yadda ake tare ta."

Duk da haka na hau sama na fara haɗa kaya. Sai na ji sandar Inna na bugun matakala daga ƙasa.

"Wa ya ce ka tafi? Wanda ya buɗe, shi zai rufe."

A ranar na sauko da albasa zuwa rumfar ajiye keke a bayan gida, inda ya kamata in kai ta tun farko. Na rufe 'yar taga, na mayar da audugar nan yadda take. Ƙaiƙayinta ya ci hannuwana kwana uku, na ce maganina ke nan. Daga nan kullum na taso makaranta sai in ɗauki kofin ruwa in bi gida lungu-lungu, a durƙushe, ina kara bayan hannu. Ashe masu gyaran gidan sun bar kafofi da yawa ba da gangan ba: bayan kabad, inda famfo ya huda bango, ramin jefa wasiƙa. Duk na toshe. Inna ta ɗinka dogayen jakunkuna muka cika da yashi muka kwantar a gindin ƙofofi. Na bar wankan shaya na koma bokiti guda kamar a gida. Muka haɗa tukunya ɗaya, in ta tafasa in sauke in nannaɗe ta da bargo ta ƙarasa nuna, yadda mahaifiyata kan binne tukunyar wake a toka. Inna ta koyi cin yaji, tana ci tana share hawaye tana cewa in ƙara.

Wuri ɗaya na ƙi toshewa, wata kafa a bangon kicin sama da murhun gas. Inna ta matsa, na ce a'a.

"Inna, gida ma rai gare shi. In aka toshe ko'ina, mu ne za mu zama albasar."

Da Liza ta biyo ta ji, sai ta ce da mun toshe nan da hayaƙin gas ya illata mu. Ta kai ni taron unguwa na nuna musu dabarar jiƙa hannu. Daga nan maƙwabta suka riƙa aiko mini in zo in duba musu gida, ni kuma duk wanda ya zo sai ya tafi da albasa.

Sanyi ya ja jiki, itatuwa suka fara toho. Ranar hukunci Liza ta zo da hantsi, Karel ma ya zo. Ta shiga ƙarƙashin matakala da 'yar tocila, mu uku muna tsaye ba mai tari. Ni dai salati nake a zuci, don na san in gidan nan ya faɗi, da hannuna na fitar da tsohuwa daga ɗakinta. Liza ta fito ta duba takardarta, ta sake dubawa.

"Da ƙyar," ta ce. "Amma ya ci."

Inna ta zauna kan matakala ta rufe fuska da tafukanta, kafaɗunta na rawa. Karel ya je kan tebur ya ɗauki takardar nan mai hotuna, ya jefa ta kwandon takardu. Sannan ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

Da na dawo gida na tarar da Baba a gindin rudunsa yana juya albasa. Na kwashe labari duka na ba shi. Ya riƙe haɓa.

"Kai Umaru! Gwamnati ta biya mutum don ya rage ci? Mu nan wanda yac ci da yawa shi aka girmamawa." Ya ɗauki wata albasa ya juya. "To, albasar hwa? Ta ruɓe?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Madalla. Ba ka ba mu kunya dut ba."

A ofis na zama mai bin ɗaki-ɗaki ina kashe fanka, har suka sa mini Kashe-Wuta, sunan da ya bi ni har na bar aiki. Na gina wa maiɗakina murhun laka mai rufaffen baki, icce uku ya dafa abin da dā sai ƙunshi guda. Matan maƙwabta suka yi ta dariya, daga baya suka zo ɗaya-ɗaya a gina musu.

Shekara shida muna musayar wasiƙa da Inna. Wata rana na je gidan waya a Jega na tarar da ambulan, amma rubutun ba nata ba ne, na Karel ne. Ya ce ta rasu da safe, a kan gadonta, a ɗakin da ubansa ya cika. Ya ce ta bar saƙo a gaya wa Umaru cewa murfin silin yana nan a rufe.

Ban iya shiga kasuwa ba. Na hau babur na wuce Jiga. Lokacin Baba ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, yana zaune bakin ɗakinsa yana shan hantsi. Na karanta masa, ina fassarawa. Ya saurara har ƙarshe.

"Ba a ɗauke ta ba? A ɗakinta?"

"A ɗakinta, Baba."

Ya laluba ya dafa kaina kamar ina yaro.

"To, share hawaye. Ka ruhe abin da kab buɗe."